Kafin Bindiga Ta Shigo Kasuwar Maigatari

Duk ranar Alhamis, tun rana ba ta yi tsaka ba, karar Maigatari kan cika ta batse. Shanu da raƙuma da tumaki sun tsallako daga Jamhuriyar Nijar, fatake sun zo daga Kano da kudancin ƙasar nan, dillalai na kai da komo, kuɗi masu nauyi na fita daga wannan aljihu zuwa wancan. Da la'asar motoci su kama hanyar Gumel, wasu su nufi Sule Tankarkar, wasu su gangara Gagarawa. Mutumin da ya sayar da bijimai uku, duhu ya rutsa da shi a hanya, kuma kullum rediyo na kawo masa labarin Zamfara da Katsina, ba za a ga laifinsa ba in ya ce: me zai hana ni ma in nemi bindiga? Tambayar ta daɗe da barin majalisar masu shayi ta hau bakin manya. Janar T. Y. Danjuma ya ce jama'a su tashi su kare kansu a Jalingo cikin Maris 2018. Gwamna Aminu Bello Masari ya faɗa wa Katsinawa haka a 2021. A watan Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce za ta raba takardun neman lasisin bindiga, 500 ga kowace masarauta cikin masarautun Zamfara 19, har Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Da Danjuma ya maimaita kiransa a Afrilu 2025, Gwamna Umar Namadi na Jigawa ya ce barin kowa ya kare kansa da kansa rikici zai haifar. A ganina Namadi ya fi kusa da daidai, amma amsarsa rabi ce. Kare kai haƙƙi ne da Allah Ya ba kowane bawa. Riƙe bindiga kuwa amana ce da jama'a ke ɗora wa wanda suka sani, kuma wanda ya cakuɗa waɗannan biyu zai yi kuskure ko ta wane ɓangare ya tsaya.

Ya kamata a fara sanin abin da doka ta ce, domin yawancin masu gardamar ba su taɓa dubawa ba. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a nan ne ƙaramar bindiga, fistol da libarba, take zaune tare da bindigogin soja da masu sarrafa kansu. Akwai bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa samu da laifin ta da hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. A Agusta 2023 kuma shugaban 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce an dakatar da ba da sabon lasisi. Ke nan ɗan kasuwar Gagarawa Tasha da ke son fistol a aljihunsa yana neman abin da sai fadar Abuja ce ke iya sa masa hannu, mafarauci kuma da ke son bin doka ya tarar an rufe ƙofar.

Addini bai bar shakka ba a kan asalin kare kai. A Sahihu Muslim akwai mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi da wanda ya zo ƙwace masa dukiya, aka ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya rama, in an kashe shi ya yi shahada. Wannan hadisi shi ne garkuwar duk mai kiran a sayi bindiga, kuma ingantacce ne. Sai dai akwai wata ruwaya a wajen Nasa'i wadda masu kiran ba su cika kawowa ba, alhali ita ce ta shimfiɗa tsarin. A cikinta an fara umartar mai tambayar ya tunatar da ɓarawon Allah. In bai ji ba, ya nemi taimakon Musulmin da ke kewaye da shi. In babu su, ya nemi taimakon mai mulki. Sai da ya ce to in mai mulkin ya yi masa nisa fa, sannan aka ce ya yi faɗa don dukiyarsa. Faɗan shi ne matakala ta huɗu, kuma sharaɗin hawa ta shi ne ukun farko sun gagara. Malaman fiƙihu sun gina babin tunkuɗe mai kawo hari a kan wannan tsani: abin da tsawa za ta kore ba a ɗaga masa sanda, abin da sanda za ta kore ba a zare masa takobi, wanda ya juya baya ya gudu ba a bin sa a kashe. Malikawa, waɗanda littattafansu ne ake karantawa a zaurukan Gumel, sun ce a gargaɗi maharin tukuna in mai fahimtar gargaɗi ne kuma akwai sarari. Kundin hukunta laifuka na Arewa ma da wannan ruhi aka rubuta shi, domin ya yarda mutum ya kare jikinsa da dukiyarsa, amma kada ya wuce iyakar abin da kariyar ke bukata, kuma babu wannan uzuri a inda akwai lokacin kai kuka ga hukuma.

To wannan hukuncin lokacin da aka kawo hari ke nan. Yawo da makami cikin jama'a a ranar da ba a kawo hari ba wata mas'ala ce daban, kuma a nan nassosin suka juya suka zama gargaɗi. An ruwaito cewa wani mutum ya ratsa masallaci da kibau, Annabi ya umarce shi ya kama tsininsu, kuma aka faɗaɗa umarnin ya haɗa da kasuwa, don kada ya yagi wani Musulmi. An hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, saboda bai san ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. An hana ɗaukar makami a Makka. Bukhari ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar da tsinin mashi ya soke shi a ƙafa a Mina. Da Hajjaju, mai mulkin wurin a lokacin, ya zo duba shi yana cewa da sun san wanda ya yi, sai Ibnu Umar ya ɗora laifin a kan Hajjajun da kansa, domin shi ne ya bari aka ɗauki makami a ranar da ba a ɗauka, aka shigar da shi wurin da ba a shigarwa. Abin lura a wannan labari shi ne Sahabin bai tsaya neman mai mashin ba. Ya kama wanda ya ba da izini. Duk gwamnan da zai tsaya gaban jama'a ya ce kowa ya nemi bindiga, ya kamata a karanta masa wannan labari kafin a ba shi lasifika.

In kuwa haka aka yi wa kibiya, wadda sai an zaro ta daga kwari, an ɗana, an ja tsarkiya, ina ga fistol? Tsanin da shari'a ta kafa lokaci yake ci. Tunatarwa na bukatar numfashi, kiran maƙwabta na bukatar ihu, kuma a cikin wannan ɗan tsaiko ne zuciya ke sauka, dattijo ya shiga tsakani, a gane cewa wanda aka ɗauka ɓarawo yaron maƙwabci ne ya biyo akuyarsa. Ƙaramar bindiga an ƙera ta ne don ta share wannan tsaiko. Tana ɓuya a ƙarƙashin riga, ba mai ganinta balle ya ce a kama tsininta, kuma tsakanin fushi da gawa babu komai sai lanƙwasa yatsa. Ba ta da amfani a farauta, ba ta korar kura daga garke, aikinta ɗaya ne, harbin mutum daga kusa. Wanda ya san yadda ciniki ke zafi a kara, yadda ake rantsuwa a kan la'ada, yadda ake cacar baki a tasha kan lodi, ya auna a ransa ranar da mutum ɗaya cikin goma a wurin yake da ita a ƙugu. Mutanen kirki ne, na yarda. Amma hadisin nuna makami ba a kan 'yan fashi aka faɗe shi ba, a kan mutanen kirki ne, domin su ma suna da hannu, kuma hannu na kuɓucewa.

Ibnu Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya hango gindin matsalar tun kafin bindiga ta yaɗu. Ya ce makamin da ɗan Adam ya ƙera don kare kansa daga namun daji yana isarsa a kansu, amma ba ya isarsa a kan ɗan'uwansa mutum, saboda shi ma yana da irinsa. Don haka dole a sami wani mai tsawatarwa da ke sama da kowa, wanda zai hana sashe cin sashe. Bayan shi da kusan ƙarni uku Thomas Hobbes na Ingila ya iso wannan matsaya ta wata hanyar. Ma'anar ita ce bindiga tana ba ka rinjaye ne muddin kai kaɗai ke da ita. Ranar da maƙwabcinka ya sayi tasa saboda ya ji ka sayi taka, kun koma inda kuka fara, sai dai yanzu kuskuren ɗayanku kabari ne.

Wani zai ce ai kakanninmu da makami suka rayu, kuma gaskiya ne. Ƙasar Gumel ba ta san zaman lafiya mai tsawo ba a ƙarni na 19. Ta gwabza da Haɗeja shekara da shekaru, ta sha hare-haren Damagaram, wadda a zamanin Sarki Tanimu ta tara bindigogi har da igwa. Manomi kan fita gona da kwari da baka a rataye. Amma duk wanda ya kawo wannan hujja ya tuna abu biyu. Na farko, ba zamanin da ake kewa ba ne, zamani ne da garuruwa suka watse, aka kwashi mutane bayi, ƙasa ta yi ƙarancin jama'a. Na biyu, ko a lokacin makami na da ubangida. Maharba na da sarkin baka, 'yan bindiga na sarki ne, kuma har yau a hawan salla ana ganinsu cikin tawagarsa suna barin wuta da izininsa. Kowane mai makami akwai wanda zai kira shi da sunan ubansa ya tambaye shi. Abin da ake kira gare shi a yau ya bambanta: kowa ya je ya sayi tasa a ɓoye, daga hannun wanda ya fi sauƙin farashi, ba wanda ya san yawansu, ba wanda zai amsa in ta tashi.

Hujjar da ta fi yawo ita ce miyagu sun riga sun mallaka, doka mai gaskiya kaɗai take ɗaure wa hannu. Rabin farko gaskiya ne. Cibiyar binciken ƙananan makamai da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi sama da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya, kuma iyakar da ta ratsa Maigatari doguwa ce, ba ta da katanga. Amma me fistol ɗaya za ta yi wa gungun mahara a kan babura, kowane da AK-47? Sau da yawa ma labarin cewa gidan wane akwai bindiga shi ke jawo su, domin makami a wajensu ya fi sa daraja. Sannan an gwada wannan magani a gabanmu. 'Yan sa-kai na Zamfara sun tashi ne da niyyar kare ƙauyukansu daga ɓarayin shanu, kuma da yawansu sun ba da rayukansu a kan haka. Sai dai da babu mai tsawata musu, aka wayi gari ana kama Bafulatani a kasuwa a yanke masa hukunci nan take saboda kamanninsa, danginsa kuma su shiga daji su dawo da ramuwa a kan garin gaba ɗaya. Allura ta tono garma. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen Maris 2025 ya nuna fuskar abin ta ɗaya gefen: mafarauta 16 'yan Arewa, yawancinsu mutanen Kano, suna hanyar komawa gida salla, 'yan banga suka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe su. Masu makami ba tare da mai tsawatarwa ba ne suka zama alƙalai, bindigogin mamatan kuma, maimakon su kare su, su aka riƙa a matsayin shaida a kansu.

Kuma mu dubi irin rigimar da ta fi yawa a arewacin Jigawa. Shanu sun shiga gona kafin a ɗauke amfani. An cinye burtali da noma, makiyayi ya rasa hanyar mashaya. 'Yan'uwa sun saɓa a kan iyakar gonar gado. Waɗannan rigingimu ne tsakanin mutanen da gobe za su haɗu a masallacin Juma'a ɗaya, kuma yawanci suna ƙarewa a gaban bulama ko hakimi, a kimanta ɓarna, a biya. Rauni na sanda ana jinyarsa a sasanta. Gawa kuwa ba a sasanta ta da buhun gero, kuma jinin da ya zuba tsakanin manomi da makiyayi ba ya bushewa da wuri, kamar yadda mutanen Guri da Kirikasamma za su shaida.

Masu kafa hujja da Amurka su ma su duba lissafin duka. Can riƙe makami haƙƙi ne a tsarin mulki tun 1791, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta soke dokar jihar New York da ke sa mai neman izinin yawo da ƙaramar bindiga ya nuna dalili na musamman. Bindigogin da ke hannun jama'a sun fi jama'ar yawa. A 2021 mutum fiye da 48,000 ne suka mutu ta harsashi a ƙasar, kuma fiye da rabinsu kansu suka harbe. Wannan a ƙasar da ke da rajista, da kotuna masu aiki, da motar asibiti mai zuwa cikin mintuna.

Saura hujja ɗaya, kuma ita ce mai nauyi, ba na jin akwai mai gaskiyar da zai tsallake ta. Hadisin Nasa'i da na dogara da shi, shi da kansa ya buɗe ƙofa: in mai mulki ya yi nisa fa? Malamai sun yarda shugaba na iya taƙaita abin da asalinsa halal ne saboda maslahar jama'a, amma maslahar ita ce sharaɗin. Hukumar da ta karɓe makami daga hannun talaka ta ci bashi ne, kuma biyansa shi ne ta zo in an kira ta. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Idan babban mutum na tafe da 'yan sanda a gaba da baya, ƙauye guda kuma ba shi da ko ɗaya, to wa'azin haƙuri daga bakin wannan babban mutum ba ya shiga kunne. Saboda haka mutumin ƙauyen Zamfara da aka kai wa hari sau uku, ya kira ba a zo ba, ya nemi abin da zai tsare iyalinsa, ni ba ni da bakin zarginsa, kuma ba na jin shari'a na zarginsa. Lalura ce. Amma ƙa'idar malamai ita ce lalura ana auna ta da gwargwadonta, ba a ɗauko hukuncin wanda yunwa ta kai shi ga cin mushe a ba wanda rumbunsa ke cike. Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, Alhamdu lillahi, ba su kai can ba. Kasuwa na ci, ana kwana a gida, maganar hakimi na da nauyi. Cika irin wannan wuri da bindigogi don tsoron abin da bai zo ba shi ne hanya mafi kusa ta kiransa. Shi ya sa Malikawa, bisa ƙa'idarsu ta toshe kafar ɓarna, suka hana sayar da makami a lokacin fitina, ko da cinikin a kan kansa halal ne.

Inda na rabu da masu cewa a rufe ƙofa gaba ɗaya shi ne rufewar ba ta hana bindiga, rajista kawai take hanawa. Mafarauci bai daina farauta ba don an daina ba da lasisi, maƙeri bai daina ƙira ba, sai dai yanzu ba wanda ya san wa ke da me. Jihohin da wuta ta ci sun gane haka a makare: Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoba 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a Janairu 2024, duka ƙoƙari ne na mayar da masu makami ƙarƙashin wanda zai tambaye su. Jigawa na da damar yin nata tun da sauran sanyi. A buɗe lasisin bindigar farauta da ta toka ga maharba da 'yan banga da aka sani, mai unguwa da bulama su shaida halin mutum, hakimi ya sa hannu, 'yan sanda su rubuta lambar bindiga da sunan mai ita, a riƙa sabuntawa, wanda ya nuna wani da ita ko da wasa a karɓe. Wannan shi ne matakala ta biyu ta hadisin, taimakon Musulmin da ke kewaye, an ba shi tsari. Fistol kuwa ta zauna inda dokar 1959 ta ajiye ta, kuma kasuwa da masallaci da tasha da filin idi su zama wuraren da ba mai shiga da makami sai wanda aka ɗora wa tsaronsu.

Kirana ga Majalisar Masarautar Gumel da shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu da limaman Juma'a shi ne su zauna da Kwamishinan 'yan sanda a kan wannan rajista tun bana, kafin kaka ta zo shanu su fara gangarowa. Gwamnatin jiha kuma, tunda ta ce kada kowa ya kare kansa da kansa, ta sa motar sintiri a hanyoyin da ke fita daga Maigatari kowace Alhamis, daga la'asar har motar ƙarshe ta wuce.